Daɓen katako da laminet: yadda ake gama bakinsa a bango mai lanƙwasa da matakalar bene

Ga waɗanda ba su samu damar saurare ba, ga rubutun shirin nan mun kawo muku shi yadda aka yi maganar.

Yau hirar tamu a kan daɓen katako ce, musamman wanda ake kira laminet. Amma ba shimfiɗa shi a tsakiyar ɗaki za mu tattauna ba, wannan duk wanda ya tsaya ya ga an yi sau biyu zai iya. Inda ake gane gwani shi ne baki: wurin da katakon ya haɗu da bango mai lanƙwasa, ko ginshiƙi mai zagaye a tsakiyar falo, ko matakalar bene. A nan ne ake asarar kuɗi, a nan ne maigida da kafinta suke samun saɓani, kuma idan maganar bene ce, a nan ne mutum kan faɗi ya karye.

To, bari mu fara da sanin abin da muke riƙe da shi a hannu. Laminet ba katako ba ne zalla. Cikinsa garin itace ne da aka matse da ƙarfi aka haɗa da gam, a samansa akwai takarda mai hoton itace, sannan aka rufe ta da wani fatar roba mai tauri da ke hana ƙarzuwa. Wani kamfani a ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya fara fito da shi a 1977, shi ne aka riƙa sayarwa da sunan Pergo. Da farko da gam ake haɗa falankan. Sai a wajajen 1996 da 1997 aka fito da irin wanda ake saƙala wannan cikin wancan ya kama ba tare da gam ba, wanda shi ne ya cika kasuwa yanzu. Kaurinsa yawanci daga milimita 7 zuwa 12 ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: daɓen laminet ba a manne shi da ƙasa. Kwance yake kawai a kan shimfiɗar soso, gaba ɗayansa ya zama kamar faifai guda. Kuma tunda asalinsa itace ne, yana shan danshin iska ya buɗe, iska ta bushe ya tsuke. Mu nan arewa mun fi kowa sanin wannan. Lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura 70. Ƙofar katakon da ke rufuwa salin-alin a Janairu, ai ita ce ke cijewa da damina. To haka daɓen nan yake yi.

Shi ya sa kamfanonin da ke yin sa suke cewa a bar rata ta milimita 8 zuwa 10 tsakanin katakon da duk wani abu da ba ya motsi: bango, ginshiƙi, bututu, ƙafar bene, firam ɗin ƙofa. Idan aka shimfiɗa shi da hunturu aka matse shi da bango, damina na zuwa zai nemi wurin buɗewa ya rasa, sai ka ga tsakiyar falo ta yi tozo, ana takawa tana lotsawa. Kuma wuri ɗaya tak ya isa ya jawo haka. Ko da ka bar rata a ko'ina, in falanki guda ya tokare da jikin ginshiƙi, shi kenan ya riƙe sauran. Wannan ne ya sa lanƙwasa take da haɗari: a miƙaƙƙen bango ratar tana fita da kanta, a lanƙwasa kuwa sai a samu nan milimita 15, can kuma katako na shafar siminti.

Kafin a yanka komai, abu uku. Na ɗaya, a ajiye kwalayen a kwance a cikin ɗakin da za a yi aikin, aƙalla awa 48, su saba da iskar wurin. Na biyu, a tabbatar simintin ƙasa ya bushe. Gwaji mai sauƙi: a yanko leda kamar rabin mita, a manne gefunanta huɗu da ƙasa da salatif, a bar ta kwana ɗaya. In an ɗaga an ga gumi ko wurin ya yi duhu, ƙasa ba ta shirya ba. Na uku, a shimfiɗa leda mai kauri, kamar milimita 0.2, kafin a sa soson, saboda danshin da ke tasowa daga ƙasa.

Yanzu mu zo kan yanka. Ta yaya za ka ɗauko siffar bango mai lanƙwasa ka ɗora ta a kan falanki? Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce ta kwali. Ka yanki kwali daidai faɗi da tsawon falankin, kwalin da laminet ɗin ya zo a ciki ma ya isa. Ka kwantar da shi a inda falankin zai zauna, ka tsattsaga gefen da ke fuskantar bango da almakashi kamar haƙoran mataji, ka danna shi ya bi jikin bangon, ka bi lungun da fensir. Ka yanke, ka sake gwadawa har ya zauna lafiya. Sannan ka ɗora a kan falankin ka zana, ka ja layin baya da milimita 10 saboda rata. Kwali ba shi da tsada, in ka ɓata goma ba ka yi asara ba. Falanki ɗaya kuwa kuɗi ne.

Ta biyu ita ce ta jan layi. Ka kawo falankin kusa da bango, ka tabbatar yana kan layi ɗaya da sauran da aka riga aka shimfiɗa, kada ya karkace. Ka samo ɗan guntun katako, ka haɗa fensir a jikinsa, ka riƙa jan guntun yana bin bango, fensirin kuma yana zana siffar bangon a kan falankin. In ratar da ta rage kaɗan ce, washa ma tana yi: ka sa bakin fensir a ramin ta, ka mirgina ta a jikin bango. Abin lura a nan, hannunka ya tsaya a fuska ɗaya tun daga farko har ƙarshe. In kana juya guntun kana bin lanƙwasar da shi, layin zai fito da kuskure, falankin ba zai shiga ba.

Wurin yankan, ƙaramin injin zarto na hannu da ake kira jigso shi ne ya dace, da siririn zarto mai ƙananan haƙora. Ga wani abu da da yawa ba su lura da shi ba. Zarton jigso na yau da kullum yana ci ne lokacin da yake hawowa sama, don haka fuskar da ke sama ita ce take tsattsagewa. Saboda haka ko dai ka kifa falankin ka yanka ta baya, wato ke nan sai ka kifa kwalin ma lokacin zane, ko kuma ka nemi zarton da haƙoransa ke kallon ƙasa ka yanka ta fuska. Manna salatif na takarda a kan layin yana rage tsagewa. Kada ka tura injin da ƙarfi, bar shi ya ci da kansa. In an gama a bi bakin da sanfefa. Kuma don Allah a sa takunkumi, ƙurar garin katakon nan ba ta da kyau ga ƙirji.

Sai tsari. Tun kafin ka fara shimfiɗa, ka auna ka ga yadda layukan za su ƙare a wurin lanƙwasar. Kada ya zama ka isa can da 'yar siririyar tsinke da ba ta kai santimita 5 ba, ba za ta riƙe ba, za ta ɓalle. In ka ga haka za ta faru, rage faɗin layin farko tun daga wancan bangon. Mahaɗar falanki da ta layin da ke kusa da shi kuma su yi nisan aƙalla santimita 30. Ginshiƙi mai zagaye kuwa, ka shirya yadda mahaɗar falanki biyu za ta faɗo a tsakiyarsa, kowanne ya ɗauki rabin da'ira. Bututu ma haka: ramin ya fi bututun faɗi da kamar milimita 20, domin a samu 10 ta kowane gefe.

To an yanka, an bar rata. Da me za a rufe ta? A miƙaƙƙen bango sikatin ne, an gama magana. A lanƙwasa kuwa sikatin na katako ba zai bi ba sai an yi masa dabara. Akwai hanya huɗu.

Ta ɗaya, sikatin na roba mai lanƙwasuwa. Shi ne mafi sauƙi. A shanya shi a rana na ɗan lokaci ya yi laushi, a shafa gam a bayansa, a manna a bango, a tokare shi da wani abu mai nauyi har gam ya kama. Matsalarsa ɗaya, sau da yawa kalarsa ba ta zuwa daidai da ta sauran sikatin ɗin ɗakin, don haka ya fi kyau a inda za a yi wa duka fenti ɗaya.

Ta biyu, tsaga baya. Ka ɗauki sikatin na katako, ka yi masa tsaga-tsaga a baya da zarto, a tsaye, kusa da juna, ka bar kamar milimita 3 na fuska ba ka taɓa ba. Wannan siririyar fuskar ita ce za ta lanƙwasu. Iya tsananin lanƙwasa, iya kusancin tsagar. A yawancin bangon gida, tazarar santimita 1 zuwa 2 tana yi. A jikin ginshiƙi, inda sikatin yake zagaye abu, tsagar tana rufewa. A bangon da ya lotsa ciki kuwa tsagar buɗewa take yi. Ko ta yaya, za a ga alamunta ta sama, sai a cike su da abin cike rami, a goge, a yi fenti. Ka fara gwadawa da guntun da ya rage kafin ka taɓa dogon.

Ta uku, haɗa sirara. Ka yanko filawud mai milimita 4, tsiri uku, ka manna na farko a bango, ka shafa gam ka ɗora na biyu, sannan na uku. Kowanne shi kaɗai yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, in sun haɗu gam ya bushe sai su zama abu guda mai kaurin milimita 12 da ya ɗauki siffar bangon. Wannan ta fi cin lokaci, amma ita ce ta fi fitowa sumul.

Ta huɗu, inda ba a son sikatin sam, kamar jikin ginshiƙin marmara ko inda katako ya haɗu da tayil a layi mai lanƙwasa. A nan ana cusa siririn soso mai kama da igiya a cikin ratar, sannan a bi samansa da silikon mai kalar katakon. Soson yana matsuwa in daɓen ya buɗe, silikon kuma yana miƙewa. Abin da ba a yi shi ne cike ratar da siminti, ko farar ƙasar tayil, ko filasta. Duk wanda ya yi haka ya toshe ratar da ya sha wahala ya bari.

Doka ɗaya ta haɗa dukkan hanyoyin nan: abin rufe baki a jikin bango ake kafa shi. Ƙusa ko gam kada su taɓa daɓen. Sikatin ya zauna a samansa kawai, katakon ya riƙa zamewa a ƙarƙashi ba wanda ya gani.

Yanzu sai bene, kuma a nan ina roƙon ku ƙara kasa kunne, domin dokar juyawa take yi. A ɗaki mun ce kada a manne. A kan matakala kuwa dole a manne. Ba a sa soso, ba a barin falanki yana yawo. Kowane mataki ana shafa masa gam mai ƙarfi na gini a manne shi da simintin ko katakon da ke ƙasa. Dalili a fili yake: falankin da ya zame santimita ɗaya a falo ba komai ba ne, wanda ya zame a ƙarƙashin ƙafar mai saukowa daga bene kuwa asibiti ne.

Yawancin benayenmu na kankare ne, kuma da wuya ka samu matakai biyu da suka zo daidai. Saboda haka kowane mataki a auna shi shi kaɗai, a yi masa kwalinsa, a rubuta lamba. Inda siminti ya yi tudu a sassaƙe, inda ya yi kwari a cike a bari ya bushe sosai. Gam ba ya gyara ƙasa marar daidai.

Sai maganar tsayin mataki. Ƙafar mutum tana haddace tsayin matakala bayan taku biyu ko uku, daga nan ba ya ƙara dubawa. In ɗaya ya bambanta, nan ake tuntuɓe. Dokar gini a Amurka ba ta yarda bambancin mafi tsayi da mafi gajarta ya wuce milimita 9.5 a bene ɗaya ba. Ina wannan ya shafe mu? In ka sa laminet mai milimita 12 a kan matakai amma ƙasan falon tayil ne da ba a ƙara masa komai ba, matakin farko ya ƙaru da 12. In kuma saman benen ba a sa masa ba, na ƙarshe ya ragu da 12. Ka ga an samu matsala a wurare biyu mafi haɗari. A yi wannan lissafin tun kafin a sayi kaya. Akwai kuma tsohon ma'auni na wani masanin gini Bafaranshe, François Blondel, tun ƙarni na 17: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin taka ƙafa, ya ba da kamar santimita 60 zuwa 65. In benenka ya faɗa cikin wannan, hawansa ba ya gajiyarwa.

Bakin mataki shi ne wurin da ya fi shan wahala, domin a nan nauyin mutum yake sauka. Laminet ba a barin bakinsa tsirara, garin cikin zai fito ya farfashe. Ana sa masa leɓe, wanda masu sana'a ke kira nosin, na alminiyom ko na katako. A sa gam, a kuma ɗaure da sukuru. A kankare sai an huda an sa fulogi. Leɓen da gam kaɗai ya riƙe, ranar da zai saki ba ya sallama. In gidan akwai tsofaffi ko yara, a zaɓi mai gurza-gurza ko mai roba a sama, domin laminet da safa santsi ne da su. Kuma yana da kyau kalar leɓen ta ɗan bambanta da ta matakin, mai raunin gani ya san inda mataki ya ƙare.

A can sama, inda daɓen ɗaki mai motsi ya zo ya haɗu da bakin bene, ana amfani da leɓe mai rufi: shi a kafe yake da ƙasa, amma yana da ɗan fiffike da ya hau kan laminet ɗin, ratar tana ɓoye a ƙarƙashinsa. Kada a ɗaure sukuru ta cikin laminet ɗin kansa.

Matakin farko mai zagayen baki, wanda ake yi don ado, shi ne ya haɗa wahalar biyu. Samansa da kwali ake fitar da shi kamar yadda muka faɗa. Fuskarsa ta tsaye ba a yi da laminet, domin ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake. A yi da siririn filawud a yi masa fenti ko banish. Leɓen kuma, ko a samo na roba mai bin lanƙwasa, ko a tsattsaga fiffiken na alminiyom a lanƙwasa shi a hankali, ko kafinta ya yanko shi daga katako mai faɗi gunduwa-gunduwa ya haɗa. Na ƙarshen nan ya fi ƙarko, kuma gaskiya in matakin zagayensa ya yi tsanani, shawarata a yi samansa gaba ɗaya da katako na gaske, a ba shi kalar da ta yi kusa da laminet ɗin. Matakan kwana masu siffar alwatika su ma kowanne da kwalinsa, kuma layin falankin ya bi bakin matakin.

In katako na gaske ne aka shimfiɗa a ɗakin ba laminet ba, duk maganar rata tana nan, har ma ya fi motsi, musamman ta faɗinsa. Ƙarin abin da ke kansa shi ne gara: a yi wa ƙasa da katakon magani kafin a rufe.

Sai ruwa. Bakin da aka yanka shi ne ƙofar da ruwa ke shiga, in ya shiga garin katakon ya kumbura, ba ya komawa. Don haka a ƙofar banɗaki, bakin kicin, da wurin da ake ajiye buta, a toshe ratar da soso da silikon. Masu shara kuma a gaya musu tsumma mai ɗan danshi ya isa, ba a kwara ruwa kamar tayil.

Kafin mu rufe, kalma biyu ga maigida da mai aiki. Maigida, ɗaki mai kusurwa huɗu ana ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan awo saboda yanke-yanke. Inda akwai lanƙwasa da bene, ka sa ran 15 ko fiye. In kafinta ya ce a ƙaro kwali, ba lallai cuta ba ce. Ka sayi duka lokaci ɗaya don kala ta zo ɗaya, ka kuma ajiye kwali guda saboda gyaran gaba. Kafin a kafa sikatin, ka zagaya da kanka ka ga ratar da idonka, domin da zarar an rufe ba mai sake ganinta sai damina ta tona. Kai kuma ɗan'uwa mai sana'a, kuɗin lanƙwasa da na bene ka faɗe su daban tun farko. Ginshiƙi ɗaya yana iya cin lokacin da rabin ɗaki zai ci. In ka haɗa su a farashi ɗaya, kai ne za ka koma kana sauri a wurin da ba ya son sauri.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da tambaya ya ajiye mana, za mu ɗauka a shiri na gaba, inda za mu yi magana a kan haɗa laminet da tayil a bakin ƙofa.